Faifan Dalma a Motar Yaya

Abu biyu kacal Yaya mai kemis ya ce a yi wa motarsa ta tsere: a share mata ƙura, a ɗaure wani noti da ya kwance a tayar baya. Ya faɗa, ya maimaita, har da nuna notin da yatsa, domin ya san da wanda yake magana.

Motar ba irin wadda mutum ke shiga ba ce. Tsawonta bai wuce daga gwiwar hannu zuwa yatsu ba, ja ce wur, da ɗan injinta na gaske mai shan mai yana fitar da hayaƙi, ana tuƙa ta daga nesa da rimot. Yaya mutum ne mai furfura a gemu, wanda ko mai ciwon kai ya zo sayen magani sai ya sha harara kafin a sallame shi, amma da ya ɗauki motar nan sai ka ga fuska ta saki, yana goge ta da hankici yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Akwai Lauya, akwai Manaja, akwai wani tsohon hedimasta, duk manya masu jikoki, sun kafa ƙungiya har da ciyaman da sakatare da kofi. Kowane ƙarshen mako suna haɗuwa a filin ajiye motoci na wani kamfani da ya rufe, su jera tsofaffin tayoyi, su yi ta zagaye da 'yan motocinsu suna musu kamar masu rabon gado. Kofin kuwa tun da aka saye shi a falon Lauya yake kwana, abin yana ci wa Yaya rai fiye da yadda zai yarda ya faɗa.

Wanda aka kawo wa motar mijin ƙanwar Yaya ne, mai gyaran fanka. Babu wanda ya raɗa masa suna Injiniya. Shi ya rubuta abinsa da fenti a ƙofar shago, ya daina amsa kowane suna, har mutanen layin suka gaji suka bi shi a haka. Shagon ma na Yaya ne, ya ba shi ya zauna kyauta saboda ƙanwarsa, bayan mutumin ya gwada sana'o'i iri-iri kowace ta tofar da shi. Tun ranar da ya yi wa firijin kemis abin da ya kira gyaran zamani, firijin ya koma ɗumama magani, Yaya ya rantse ko tocila ba zai ƙara ba shi ba. Wannan karon ma ƙanwar ce ta yi ta magiya. Ta ce wanda ya saba duba motar ya yi tafiya, shi ma Yaya tafiya zai yi sayo kaya, ba zai dawo ba sai safiyar babbar gasa, noti ɗaya dai ai ba zai gagari mijinta ba, a ba shi dama ya wanke kansa.

Yaya ya ajiye motar a kan tebur, ya dubi Injiniya ido cikin ido ya ce, "Ka taɓa min wani abu ban da notin nan, ka ajiye min makullin shagona. Ba wasa nake yi ba."

Injiniya ya dafa ƙirji ya ce ko da wasa ba zai wuce noti ba.

Kafin ƙurar motar Yaya ta gaske ta kwanta ya ɗaure notin. Ya share ƙura. Aiki ya ƙare, ga rana tana nan tsaye, ga mota a kan tebur tana ƙyalli a tsakiyar matattun fankoki. Mai aski na shagon da ke fuskantarsa ya tsallako kallo, Tela na shagon gefe ya biyo shi da awo a wuya. Da Injiniya ya ga ya samu 'yan kallo, sai ya ce ai ƙurar gaske a ciki take, ya cire murfin motar. A jikin injin ya hango wani ɗan faifan farin ƙarfe da ke juyawa idan inji ya tashi, bai fi murfin kwalba nauyi ba. Ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

Ya ce yanzu ya gano abin da ya hana Yaya cin kofi. Ya tashi ya kunna wata tsohuwar fanka mai nauyi da wata sabuwa ta roba, ya kashe su tare. Ta robar ta tsaya nan take, tsohuwar ta ci gaba da juyawa abinta. Ya ce to su duba da idonsu, nauyi shi ne gudu. Kamfanin da ya ƙera motar rowar ƙarfe ya yi, ya cuci Yaya. Idan aka ƙara wa faifan nan nauyi, motar za ta yi gudun da ko mai ya ƙare ba za ta sani ba. Yaya zai ɗauki kofi, shi kuma a fasa bangon shago a haɗa masa da na gefe, a kafa allo mai fitila.

Tela, wanda shagon gefen nasa ne, ya ce, "Makulli fa, Injiniya?"

"Wane makulli? Wanda za a ƙara min wani a kai?"

Mai aski ya ce ai shi tun tuni yake faɗa, ƙwaƙwalwa irin wannan asara ce a bar ta a gyaran fanka. Mai aski mutum ne da bai taɓa ganin wuta ya kawo ruwa ba, sai dai ya gyara zama ya ƙara mata iska, kuma layin ya daɗe bai samu abin kallo ba.

Injiniya ya fara da washa, 'yan zobban ƙarfen nan da ake sawa a ƙarƙashin noti. Ya zaɓo masu kauri daga gwangwanin tarkace, ya manna su a faifan da gam, ya ja igiyar tayar da inji. Motar ta ɗauki kuka, teburin ya kama rawa, notuna suka yi ta tsalle suna zubowa ƙasa. Can sai wata washa ta ɓalle, ta fita ta ƙofa, ta tsallake titi, ta sauka a tsakiyar madubin mai aski. Wani bawan Allah da aka aske wa rabin kai ya fito da gudu da ƙyalle a wuya yana tambayar wa ke harbi.

Mai aski ya tsallako a fusace, amma Injiniya ya riga shi magana. Ya ce ya duba nisan da ke tsakanin teburin nan da madubin, washa ɗaya ke nan, ina ga mota sukutum. Mai aski ya juya ya auna nisan da ido, ya ce gaskiya da nisa. Ya koma ya ƙarasa aski da rabin madubi.

Rawar da motar take yi ba ta dami Injiniya ba, domin a ganinsa babu wanda ya fi shi sanin maganinta. Idan fanka tana girgiza, sai ka nemo fiffiken da bai kai sauran nauyi ba, ka ɗaura masa washa, ta daidaita. Haka ya koya, haka yake yi, kuma tun da ya fara sana'a bai taɓa rage wa wani abu nauyi ba, ƙari kawai ya sani. Faifan ya karkata hagu, ya ƙara a dama. Ya karkata dama, ya ƙara a hagu. Da gam ya ƙi riƙewa sai ya ce laifin washa ne, aikin manya dalma yake so.

Ya bi gareji-gareji ya tsinto kawunan tsofaffin batura, ya kai gida da rana tsaka lokacin da matarsa ta tafi kasuwa, ya ɗora su a wuta cikin ƙaramar tukunyarta. Ta dawo ta tarar da kicin ya turnuƙe da wani irin wari, mijinta a tsugune ya ɗaure hanci da tawul yana tsiyaya narkakkiyar dalma cikin murfin gwangwani, ga faifan motar Yaya kwance a tsakiya dalma tana rufe shi.

Ta saki kwando ta ce, "Maigida, Yaya noti ya ce."

"Na ɗaure noti."

"To wannan fa?"

"Wannan ba fanninki ba ne. Ba fannin Yaya ba ne ma. Yaya magani ya sani."

"Shi da motarsa?"

"Mai ciwo ma ai da jikinsa yake zuwa kemis, amma ba shi ke zaɓar magani ba."

Ta ce ita dai abin da ta sani, a shagon nan suke ci suke sha, kuma ita ta durƙusa wa yayanta kafin a ba su. Ya ce ta kwantar da hankalinta, nan gaba Yaya ne zai durƙusa yana roƙon kada wani ya sace masa shi. Ta ɗaga tukunyar ta duba gindinta, ta jefar da ita bayan gida.

Da dalmar ta huce, faifan ya fito jibgege, baƙi, da ƙuraje a jiki, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Injiniya ya ɗora shi a tafin hannu yana jinjinawa, ya zagaya da shi layin kowa ya ɗaga ya ji. Da ya zo mayar da shi cikin mota sai ya ƙi shiga, domin gurbin na ɗan ƙaramin faifai ne. Ya ce wannan ma kuskuren kamfani ne, ya ɗauko zarto ya yanke gefen ƙashin motar. Faifai ya shiga. Sai motar ta kwanta gefe guda, tayoyin hagu suna neman barin ƙasa. Ya ɗaure mata manyan kusoshi a hagun da waya. Ta daidaita, amma cikinta ya zauna daɓas a kan tebur, 'yan sifirin ɗin da ke riƙe tayoyin sun lanƙwashe. Ya cire su ya sa na wata tsohuwar lema. Ya ja igiya don ya tayar da inji, faifan ya ƙi motsi, ya ƙara ƙarfi, igiyar ta tsinke ya faɗa da baya cikin kwandon fikafikan fanka.

Tela ya leƙo ya ce ko a nemo Yaya a waya a gaya masa. Injiniya ya tashi yana kakkaɓe wando ya ce mutanen da ba su san ci gaba ba su ne matsalar layin nan. Ya kwance injin wata fankar tebur ta mutane da aka kawo gyara, ya haɗa shi da bel, ya maƙala bel ɗin a faifan, ya kunna wuta. Fanka ta juya faifai, faifai ya tayar da inji. Ya ce su shaida, yau an ƙera motar tsere ta farko da fanka ke tayarwa.

Gwaji a titi aka yi shi da la'asar, layin ya cika. Ya ajiye motar a ƙasa, ya ja da baya, ya danna totur a rimot. Motar ta yi ta gurnani tana hayaƙi, ko gezau. Ya ƙara dannawa, ta ƙara gurnani. Mai sayar da lemo ta tambaya ko sai an tura. Injiniya ya harare ta, ya matso ya sunkuya yana leƙen ƙarƙashin motar, a daidai lokacin faifan ya gama ɗaukar wuta. Motar ta bi ta kan babban yatsan ƙafarsa, ta miƙe sak ta shige shagon Tela, ta naɗo yadin wata mata da ake tsakiyar yankawa, ta fito da shi tana ja a titi, Tela na biye da almakashi. Injiniya yana ɗingishi yana danna birki, birki bai san ana yi ba. Da ba don tulin yashin masu gini a ƙarshen layi ba, da har yanzu ana nemanta.

Tela ya dawo da yadi duk baƙin mai, yana huci, ya ce motar ba ta da birki.

"Ka taɓa jin wanda ya ci tsere da birki?" in ji Injiniya.

Mai aski ya ce wallahi bai taɓa ji ba. Aka tono motar daga yashi, hancinta ya ƙuje, fitila ɗaya ta tafi. Injiniya ya shafe ƙujewar da jan farcen matarsa, ya ce daga nesa babu mai ganewa.

Ana gobe gasa matar Injiniya ta zo shagon da kanta, abin da ba ta saba ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a kan benci ta roƙe shi don girman Allah ya cire duk abin da ya sa, ya mayar da motar yadda Yaya ya kawo ta, ita za ta san yadda za ta yi bayanin fitilar. Ta ce tsoro take ji, kuma ta gaji da jin kunyar gidansu. Maganar ta shige shi. Bayan ta tafi ya janyo ƙofa, ya ɗauko faifan ya juya shi gaba da baya yana neman inda zai ɓamɓare dalmar, ya ga ta haɗe da farin ƙarfen sun zama abu guda. Ya dubi ƙashin motar da ya yanke, ya dubi igiyar da ta tsinke, ya nemi sifirin na asali ya tuna ya zubar da su a bola. Nan ya sha jinin jikinsa, gumi ya keto masa. Sai ya buɗe ƙofa ya ƙwala wa mai aski kira, ya ce gobe ya rufe shago ya zo da kowa da kowa, za su ga abin da ba a taɓa gani ba.

Filin ya cika da safe. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ɗora kofi a kan tebur da farin ƙyalle. 'Yan ƙungiya sun zo da iyalansu, kowa da akwatin kayan aiki da hular rana. Mutanen layin su Injiniya suka yi cincirindo a bayan tayoyi, matarsa ta samu kujera can ƙarshe ta zauna tana murza bakin gyale. Ciyaman, wato tsohon hedimasta, ya riƙe makirfo yana jawabi a kan tarihin ƙungiya da ladabin tsere, babu alamar zai sauka.

Yaya ya iso a makare, kai tsaye daga hanya, ido ja don gajiya. Ya miƙa hannu ɗaya zai ɗauki motarsa kamar yadda ya saba, hannun ya ƙi tashi. Ya sa na biyu.

"Me ya sa ta yi nauyi haka?"

A nan mai hankali zai ce yashi ne ya shiga, ko ya nemi hanyar banɗaki ya ɓace. Amma Ciyaman ya ajiye makirfo don ya sha ruwa, makirfon kuma yana kusa da hannun Injiniya. Ya ɗauka, ya hura, ya gaishe da manyan baƙi, ya sanar da jama'a cewa motar da suke gani a hannun Yaya ba wadda suka sani ba ce. Shi, Injiniya, shi kaɗai, ba tare da taimakon kowa ba, ya sake mata zuciya da faifan dalma na musamman. Ya shawarci Lauya ya yi sallama da kofi tun yanzu. Mutanen layi suka yi tafi, mai aski har da fito.

Yaya ya cire murfin motar ya leƙa. Ya daɗe yana leƙawa. Ya ga waya, ya ga kusoshi, ya ga sifirin lema, ya ga inda zarto ya bi. Wata jijiya ta tashi a gefen goshinsa. Lauya ya matso ya leƙa shi ma, ya tambaya cikin ladabi ko injin niƙa ne aka kawo gasar. Wannan tambaya ce ta hana Yaya janyewa. Ya mayar da murfi ya ce a jera motoci.

Kowa ya ja igiya injinsa ya tashi, ban da Yaya, da ya nemi igiya ya rasa. Injiniya ya ce ya ba shi wuri, ya zaro injin fanka da bel daga buhu, ya duba ko'ina babu soket sai wanda lasifika ke ciki. Ya zare lasifikar. Ciyaman, da ya koma kan jawabinsa, ya ci gaba da motsa baki babu sauti, bai ma lura ba sai da ya ga mutane suna dariya. Inji ya tashi, aka busa usur.

Motoci suka fita a guje. Ta Yaya ta tsaya a kan layi tana gurnani, Yaya ya danne totur har yatsansa ya yi fari. Sauran suka zagayo suka same ta a inda suka bar ta, suka kauce mata suka wuce. Injiniya ya juya wajen jama'a yana ɗaga hannu, yana cewa a yi haƙuri, ƙarfi take tarawa. Suka sake zagayowa. Manaja ya ce a ɗauke ta daga hanya kada ta jawo haɗari.

Sai ta tashi.

Gaskiya dai a faɗe ta, a miƙaƙƙiyar hanyar nan babu wanda ya taɓa ganin gudu irin wannan a filin. Ta wuce motar Manaja, ta wuce ta sakatare, ta shafa gefen ta Lauya ta bar ta a hayaƙi. Jama'a suka miƙe tsaye. Matar Injiniya ta saki gyale ta dafe ƙirji. Har Yaya, na rantse, sai da haƙoransa suka bayyana. Injiniya kuwa ya hau kan taya yana dukan ƙirji yana tambayar Tela ina maganar makulli.

A ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya akwai kwana. Yaya ya murɗa sitiyarin rimot, motar ta yi kamar ba da ita ake ba. Ya ja birki, shiru. Girgizar faifan ta riga ta kakkaɓe ɗan batirin da ke sa motar jin umarni, ya faɗi can baya a tsakiyar hanya, totur kuma ya maƙale a buɗe. Ta bi ta tsakanin tayoyi biyu ta nufi rumfa.

Ban taɓa sanin manya suna da sauri haka ba. Manaja ya haye kujera, kujerar roba ta baje da shi. Sakatare ya rungumi kofi ya yi bayan rumfa. Lauya ya jefar da rimot ya ɗare kan tebur ya tattare riga, Ciyaman yana ta ba da umarni a makirfon da ba ya aiki. Motar ta shiga ƙarƙashin kujeru tana watsa takalma, ta kifar da kular ruwan sanyi, ta fito ta ɗaya gefen da ɗankwalin wata a hancinta, ta yi kan mutanen layi. Mai aski, da ya fi kowa matsowa gaba, shi ya fi kowa nisa kafin a ƙifta ido. Daga nan ta samu turken fitila na siminti ta rungume shi da dukan ƙarfinta.

Ƙarar ta yi kama da an saki tire cike da kofuna. Tayoyi suka yi gabas da yamma, murfi ya tashi sama, kusoshi suka watsu. Faifan dalma kaɗai bai san an tsaya ba. Ya ɓalle ya sauka a kan gefensa, ya gangara shi kaɗai a tsakiyar fili, yana tangaɗi amma yana tafiya, kowa ya yi tsit yana binsa da ido. Sauran motocin duk suna tsaye inda masu su suka yar da rimot. Faifan ya bi ta gabansu a natse, ya tsallake farin layin ƙarshe, ya yi 'yan juye-juye ya kwanta.

Injiniya ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya ruga tsakiyar fili ya ɗaga hannu biyu ya ce sun ci. Ya ce kowa shaida ne, babu abin da ya riga faifan Yaya tsallake layi, faifai kuwa zuciyar mota ne, inda zuciya ta je mota ta je. Lauya, daga kan tebur, ya ce dokar ƙungiya mota ta ce, ba ta ce kayan cikin mota ba. Manaja, da ke zaune a ƙasa cikin ɓaraguzan kujera, ya ce a ganinsa dokar ba ta fayyace ba, domin shi duk abin da zai raba Lauya da kofi yana so. Ciyaman ya ce batu ne mai muhimmanci, a kafa kwamiti. Suka ja kujerun da suka rage suka zauna da gaske suna muhawara, Injiniya yana tsaye a kansu yana kawo misali da fanka.

Duk wannan abin Yaya bai ɗaga kai ba. Yana tsugune a gindin turke ya shimfiɗa hankicinsa, yana tsintar gutsattsarin jar motarsa ɗaya bayan ɗaya yana ajiyewa a ciki. Wanda ya san Yaya da motar nan ba zai iya dariya a lokacin ba, ko da cikinsa ya ƙulle. Da ya gama ya ƙulle hankicin, ya miƙe, ya taka har inda Injiniya yake, ya miƙa masa hannun dama.

Injiniya ya kama hannun da hannu biyu yana girgizawa, baki har kunne, yana cewa babu komai, ai yi wa kai ne, wannan somin taɓi ne ma.

"Ba gaisawa na zo yi ba," in ji Yaya. "Makulli."

Injiniya ya waiga neman mutanensa. Mai aski yana gaya wa na kusa da shi cewa shi tun ranar madubi ya san abin ba zai yi kyau ba, Tela kuwa ya ce a tambayi kowa, shi ya fara maganar makulli. Injiniya ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya zaro makullin a hankali ya riƙe shi gam. Ya rage murya ya ce kwaɗon shagon yana ɗan cijewa, idan Yaya zai bar masa zuwa gobe, akwai wata dabara da zai yi masa.

Matarsa ce ta ratso jama'a ta zo. Idonta ya kaɗa, amma ba ta yi kuka ba. Ta ɓamɓare yatsun mijinta, ta zare makullin, ta sa a tafin yayanta.

"Ka yi haƙuri, Yaya. Ni na roƙa."

Sannan ta juya ga mijin, ta nuna masa farin layin da haɓa.

"Je ka ɗauko faifanka mu tafi, Maigida. Duk filin nan shi kaɗai ne naka."

Ya taka shi kaɗai har layin ƙarshe, ya sunkuya ya ɗauka. Dalmar ba ta huce daga zafin inji ba, ta kama masa tafin hannu. Amma jama'a suna kallo, bai iya yarwa ba, haka ya bi bayan matarsa da shi har bakin ƙofa.